GARGAƊI: Naira 680,000 na biya aka ɗaura min bam a bayan mota da sunan CNG

Assalamu alaikum. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya. Yau dai na ce ko dariya za a yi min sai na faɗa, domin mutumin da ya damfare ni yana nan yana yawo, kuma na tabbata a daidai wannan lokacin yana kan bencin wani mai shayi yana kiran wani bawan Allah "Alhajina" kamar yadda ya riƙa kirana.

Naira 680,000. Dubu ɗari shida da tamanin.

Ni direba ne, Sienna nake ja daga Kaduna zuwa Abuja, shekarata 21 a kan titi. Na faɗi haka ne saboda masu shirin cewa ai kai ma ka yi wauta. Ni ba yaro ba ne a harkar mota. Daga ƙarar inji nake gane filogi ne ko nozul. An sha kawo min jabun kaya a kwalin orijina, ina juya su a hannu nake mayarwa. Lokacin damfarar zuba kuɗin nan ta MMM a 2016 har zagina aka yi a tasha don na hana yara zuba kuɗinsu. To ni ne yau aka yi wa sakiyar da ba ruwa.

Kowa ya san halin da muka shiga tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Motata mai filogi shida ce, zuwa da dawowa sai ta sha min kusan lita 50. Ku yi lissafi da kanku. In na cire mai, na cire kamasho, na cire na hanya, wata rana abin da nake shiga gida da shi bai kai na cefane ba. A gefe kuma ga abokan aikinmu da aka juya wa mota zuwa iskar gas ta CNG suna shan ma'auni ɗaya a naira 230 a lokacin, suna dawowa tasha suna dariya. Na rubuta sunana a jerin ƙungiya don shirin gwamnatin tarayya na juya wa 'yan haya mota kyauta, ina jiran layi ya zo kaina. Na je wata cibiya mai rajista na tambayi na kuɗi, aka ce min sama da miliyan ɗaya. Ina zan samo?

A cikin wannan hali ya same ni.

Wajen mai shayin bakin tasha ne. Yana sanye da rigar nan mai ƙyalli ta ma'aikata, da katin shaida rataye a wuya, an juya fuskarsa ciki. Ban ce ya juyo min shi in karanta ba. Har yanzu ina tambayar kaina, me ya hana ni? Hannu kawai zan miƙa. Kowa "Injiniya" yake ce masa. Tare da shi akwai wani mai Golf da ya ce shi ya yi masa aiki wata huɗu da suka wuce. Aka buɗe min but ɗin Golf ɗin na gani da idona, tukunya ce ta gaske, da ɗamarar ƙarfe biyu, da geji, aka danna makunni injin ya koma gas ina tsaye, ko girgiza bai yi ba. Don Allah wane direba ne zai ga wannan ya ce ƙarya ne? Daga baya na fahimci mai Golf ɗin tare suke, motar ita ce tarkon, da ita ake yawo tasha-tasha.

Amma ba Golf ɗin ce ta kama ni ba, gaskiya. La'asar ce.

Muna tsakiyar maganar kuɗi, ya buɗe baki zai faɗi farashi, sai aka kira salla. Ya ajiye wayarsa a kan benci, ya ce, "Alhajina, kuɗi ba sa gudu, mu ba Allah haƙƙinsa tukuna." Ya ɗauko butarsa daga cikin mota ya miƙo min, ya ce in fara. Ya tsaya yana jira har na gama alwala. Muka iske an idar, sai ya tura ni gaba, ya ce babba shi ke ja. Ni na ja shi salla. Na ji amin ɗinsa a bayana. Wallahi da dare in na kwanta wannan butar nake gani, shuɗiya ce, an ɗaure murfinta da zare. Ya miƙo min da hannu biyu. Muna sallamewa ya ce, tunda mun haɗa sahu ba zai ci riba a kaina ba, in kawo 600,000.

A'a, bari, na tsallake wani abu, kuma shi ne wanda ya fi min nauyin faɗa. Kafin sallar ya ja ni gefe ya rage murya, ya ce kayan nan ragowar na rabon gwamnati ne da suka rage a hannunsu, shi ya sa yake iya bayarwa rabin kuɗi, amma kada in yaɗa a tasha. Ba ni da wata hujja cewa ya taɓa taka ƙofar wani ofishi, kuma abin da ya ɗaura min ya nuna bai taɓa ba. Amma a lokacin na yarda, kuma na san ta bayan gida ce, na ji daɗi ma wai an zaɓe ni. Da wannan ya rufe min baki. Shi ya sa ban tambayi kowa ba. Ko yayana da yake bakanike a Panteka ban gaya masa gaskiyar abin ba, na dai ce ya ranta min 150,000 zan yi gyaran mota.

Ga yadda kuɗin suka fita. 400,000 kafin alƙalami, na tura ta waya zuwa wani asusu mai sunan mace, ya ce kashiyar kamfani ce. 200,000 tsaba a hannu ranar da na kai motar. Sai 80,000 wai na takardar shaida da sitika, wanda bai ambata ba sai da mota ta shiga hannunsa. Jimla 680,000. A ciki 300,000 kwasar adashina ce, 150,000 na Yaya, 230,000 kuma na uwargida ne, tumakinta biyu da 'yan kunnenta na aure. Da ta miƙo min cewa ta yi, "Malam, in dai zai rage maka wahalar man nan, ai ba asara ba ce." Dubu ɗari biyu da talatin na matar da ba ta taɓa tambayata ina na kai kuɗinta ba.

Motar kwana uku ta yi a wata rumfa ta kwano a bayan wani layi, ba allo ba suna. Ya ce babban wajensu ana gyara. A rana ta biyu, ko ta ukun ce, na manta, na leƙa ba zato na ga yaronsa ya saɓo tukunyar a kafaɗa ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da ledar ruwa yana sha. Fara sol, warin fenti na tashi. Na gani. Har na ce, "Injiniya, wannan ba ta yi sauƙi ba kuwa?" Ya yi dariya ya ce sabon samfuri ce, irin ta ƙasashen waje, ba nauyi. Ni kuma da na san ƙarfe na ce to. Kashegari na tarar an naɗe ta da baƙin kafet an kafe da katako, wai don kada kayan fasinja su goge ta. Ya nuna min makunni kusa da sitiyari, ya danna, koriyar fitila ta kama. Ya ce ba komai a ciki yanzu, in yi tafiya ɗaya da fetur don ƙwaƙwalwar motar ta saba, in na isa Abuja in cika. Wato ya ba kansa kilomita kusan 190 na guduwa, ni na tuƙa masa su da kaina.

Na sauke fasinja, na tafi gidan gas, na bi layi awa uku da wani abu. Da aka zo kaina yaron da ke zubawa ya ce, "Baba, buɗe bayan mu ga tukunya." Na ce ai a rufe take da kafet. Ya ce ba ya zuba wa abin da bai gani ba. Har na fara yi masa faɗa, Allah Ya yafe min, na ce ina da takarda. Ya karɓi takardar ya duba gaba da baya ya miƙo min bai ce komai ba, ya kira ogansu. Aka yanke kafet ɗin da reza. Ogan ya sa makullin motarsa ya kankare fentin a tsakiya, sai ga layin walda ya fito zagaye da ita kamar ɗinkin buhu. Tukwanen gas na girki ne guda biyu aka yanke aka haɗa, aka shafe da fenti. Na ga direbobin da ke bayana suna ja da baya ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Ni kuwa ina tsaye da takardar 80,000 a hannu.

Ogan bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce, "Baba, iska nawa mai faci yake sa wa tayarka?" Na ce 35. Ya ce to a wannan ma'aunin, abin da famfonsu yake turawa cikin tukunya ya kusa 3,000. Gas ɗin girki daban, ruwa-ruwa yake zama a tukunya da ɗan matsi kaɗan, shi ya sa tukunyarsa take da sirantaccen ƙarfe da walda. Na mota iska ce zalla da ake dannawa da ƙarfin tsiya, tukunyarsa ƙarfe ɗaya ce mai kauri da ba a haɗa ta da walda ko'ina, kuma a wuyanta ana buga lambarta, da ranar da aka ƙera ta, da matsin da take ɗauka, da ranar da za ta daina aiki, bugawa cikin ƙarfen, ba sitika ba. Ta ƙarfe mai girman tawa, in ji shi, ƙato ɗaya ba ya saɓa ta yana shan ruwa. Sai ya tuna min abin da ya faru a birnin Benin na jihar Edo a watan Oktoban 2024, inda wata mota mai tukunyar haɗin walda ta tarwatse a gidan gas ana cikin zuba mata, mutane suka ji munanan raunuka. Na ga bidiyon nan a lokacin. Na gani, har na tura wa mutane. Kuma bayan 'yan makonni na biya 680,000 aka sa min irinta, a jingine da kujerar baya inda nake zaunar da mata da yara.

A nan na fara kiransa. A kashe. Wayar mai Golf, a kashe. Ashe tun da safe da na tura masa saƙon na kama hanya ya amsa da "Allah Ya tsare Alhajina", daga nan ya toshe ni a WhatsApp. Na dawo Kaduna cikin dare ba fasinja, na wuce rumfar kai tsaye, ba kowa sai gwangwanayen fenti. Mai wurin ya ce haya ya ba su ta wata ɗaya, kuma ni ne na huɗu da ya zo nema. Ɗaya mai Keke Napep ne, yana kuka.

Kuma ba a nan ta tsaya ba. Da na kai motar wajen Yaya, bayan ya gama yi min kallon da ya yi, ya buɗe bonet. Regiletar da suka sa irin ta janareto ce. Bututun da ya taso daga baya na jan ƙarfe ne irin na masu gyaran firji. Makunnin nan mai koriyar fitila ba a haɗa shi da komai ba sai fitilar kanta. Sun huda manifol wuri shida sun toshe da gam, yana shan iska, shi ya sa motar take rawa in ta tsaya, ni kuma ina cewa ƙwaƙwalwa ce take sabawa. Wayoyi uku a yanke an naɗe da salatif. Sai da na sake kashe 95,000. Yaya cewa kawai ya yi, "Da ka tako nan, minti biyar ya ishe ni." Na ce Yaya, ka yi haƙuri. Me zan ce?

Masu cewa araha ba ta ado, na ji. Amma 680,000 araha ce? A wajen wa? Ni ban je neman banza ba, neman hanyar ciyar da gida na je.

Na kai ƙara wajen 'yan sanda, an ɗauki bayani. Ba zan sa suna ba yanzu, don sunan da ya ba ni ma na bogi ne, kuma an ce min mai asusun da na tura wa kuɗi wataƙila wata mai POS ce da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Amma ina da alat ɗin 400,000, ina da rasit, ina da saƙonnin muryarsa guda goma sha ɗaya, ina da hoton waldar. Zan ɗora su duka da zarar an ba ni dama, in sha Allahu, har da wanda yake rantsuwa da Alƙur'ani.

Ku dai kada ku ba kowa mota sai cibiya mai rajista da kuka taka da ƙafarku. Ku ga wuyan tukunya kafin a rufe ta, in akwai walda ku gudu. Wanda ya ce kada ku gaya wa kowa, ɓarawo ne.

Tukunyar tana nan a zaurena, na hana a jefar, shaida ce. Jiya ƙaramin ɗana ya ɗaga ta da hannu biyu ya matsar don zai fito da kekensa. Shekararsa 11. Uwargida har yau ba ta yi min maganar 'yan kunnen ba, ranar Juma'a kuma zubin adashi ya zagayo, kuma ni na riga na kwasa.