Na kai akwalata baje kolin motocin soja a Ingila

Masu yi mini tsiya wai na zo Ingila na ɓige da sayen akwala, ku matso ku ji. Land Rover ce ƙirar 1974, irin mara nauyin nan da aka ƙera wa sojan Birtaniya don jirgi mai saukar ungulu ya iya ɗaga ta. Da yake ta haura shekara 40, ba na biya mata harajin hanya, an kuma ɗauke mata gwajin lafiya na shekara-shekara.

Ita na kai baje kolin tsoffin motocin soja a wata gona a yankin Kent. Ga jif-jif na Willys na Yaƙin Duniya na Biyu, ga manyan Bedford, ga Ferret mai sulke irin wadda sojan Najeriya suka yi yaƙin basasa da ita, wai mallakar wani tsohon malamin makaranta ce.

Ana cikin zagayen fili, jama'a na ɗaukar hoto, motata ta yi tari ta mutu. Kunya kamar in nitse. Aka taya ni tura ta gefe, aka duba, famfon mai ne. Na nufi rumfar wani dattijo mai kayan gyara na ce ya ba ni sabo. Ya tambayi lambar injin, ya buɗe wani littafi duk maiƙo, sai ya ce in kwanto tsohon tukuna. Da ya buɗe shi ya ce famfon lafiyarsa lau, 'yar robar ciki ce ta tsage. Ga sabon famfo a gabansa, ga kuɗi a hannuna, mutumin nan ya ƙi sayar mini! Robar kaɗai ya ba ni, ya rubuta rasit, ya ce in ba ta hau ba in dawo da ita. Farashin yana manne a jiki, abin da Bature zai biya shi na biya. Ba wanda ya kalli takalmina kafin ya yanka mini kuɗi, ba kuma zancen "orijina kake so ko mai bi masa?" Raina ya tafi wasu shagunan gida, inda za a rantse maka da Allah a kan jabu.

Amma kada ku ɗauka aljanna ce. A garejin Ingila awa ake ƙirga maka, sai ka yi sati biyu kana jiran layi. Bakaniken unguwarmu da tsohon tiyub zai yanko robar nan a gindin bishiya, ka kama hanya. A wurin baje kolin kuma ruwa ya yi mana dukan tsiya, fili ya zama taɓo. Abinci duk naman alade, na wuni a kan dankali da shayi mai tsada, ina ƙwaɗayin balangu. Ga wasu tsoffi da ke zagayawa suna ƙirga ƙusoshin motoci don neman kuskure, ɗaya ya tsare ni wai koren motata ya fi na soja haske.

Duk da haka su sun adana nasu. Ina Land Rover ɗin En'e? Ina motocin Steyr da aka harhaɗa a Bauchi? Mun auna wa 'yan gwangwan a kilo. Ban da gidan tarihin yaƙi na Umuahia da aka kafa a 1985, ina yaro zai je ya ga irin waɗannan?

Abin da ya fi ci mini rai, na ga masu kakin Amurka, har da na Jamus, amma ban ga ko hoton kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙi a ƙasar Bama (Burma) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba. Na ce baɗi zan zana tambarin ta 81, baƙin gizo-gizon nan, a ƙofar motata. Mai ƙirga ƙusa ya ce ba zai yiwu ba, an gama yaƙin da shekara 29 kafin a ƙera ta. Na riga na sayi fenti.