Masu PhD da malaman jami'a, ku kula da dillalan EB-1A

Jama'a assalamu alaikum, don Allah ku tura ma duk wani ɗan'uwa mai bincike da kuka sani. Akwai wasu da suka cika guruf-guruf na WhatsApp da Facebook suna tallar wai za su sama maka girin kad na Amurka ta hanyar EB-1A, wato rukunin da aka ware ma masu bajinta ta musamman a kimiyya da sauran fannoni, kai dai ka turo kuɗi su haɗa maka komai.

Hanyar kam gaskiya ce, kai da kanka za ka iya cika fom I-140 ka aika ma USCIS, wato hukumar shige da fice ta Amurka, ba sai wani kamfani ya tsaya maka ba. Sharuɗɗa 10 ne ana so ka cika aƙalla 3, ko kuma kana da babbar lambar yabo irin Nobel. To nan 'yan damfarar suke shigowa, su ce za su saka sunanka a takardun binciken da ko karanta su ba ka yi ba, su sayo maka ambato a wasu mujallu na bogi, su buga maka satifiket na lambar yabo daga ƙungiyar da babu ita, har da labarinka a jarida wanda kuɗi aka biya aka sa, wai shi ke nan ka cika uku.

Wallahi ba haka abin yake ba. Tun bayan shari'ar Kazarian a 2010 mataki biyu ake bi, ko ka cika ukun sai jami'i ya sake auna duk hujjojinka ya ga ko da gaske kana cikin ƙalilan da ke saman fanninka, kuma suna bin diddigin mujallun nan. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sa hannunka ne a fom ɗin, ba na dillali ba. In aka kama ƙarya da gangan dokarsu ta ba da damar hana ka shiga Amurka har abada, ga sunanka da ka yi shekaru kana ginawa ya ɓaci a wajen abokan aiki, shi kuwa ya canza lamba ya nemi wani.

Duk wanda ya ce maka tabbas za a amince, maƙaryaci ne, ko lauya ba ya da wannan ikon. Lauya mai lasisi a Amurka ko wakilin da Ma'aikatar Shari'arsu ta tantance ne kaɗai ke da hurumin wakiltarka, kuma zai cika fom G-28 mai nuna shi ne wakilinka, ka tambaye shi wace jiha ce ta ba shi lasisi ka duba sunansa da kanka. Kuɗin fom kuma na gwamnati ne, yana rubuce a uscis.gov, ba asusun wani mutum ake tura shi ba. In dillali ya ce ya riga ya shigar maka da fom ɗin, ka ce ya ba ka takardar I-797 mai lambar rasit ka duba a shafin kafin ka ƙara masa ko sisi.