Vespa ko Honda CG125: wanne zai riƙa kai ka Kakuri kullum?

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka. Ka ce kana zaune a Kawo a nan Kaduna, wurin aikinka Kakuri, kuɗin mota ya ishe ka, kuma ranka ya fi kwanciya da baburan da, ba na yanzu ba. An yi maka tayin guda biyu: Vespa da ta daɗe a jingine a zauren wani dattijo, da tsohon Honda CG125 na Japan wanda yake tashi amma yana hayaƙi. Kana son sanin wanda za ka saya ka gyara ka riƙa hawa kullum.

Ni dai CG ɗin zan ce maka. Amma akwai mutumin da zan ce wa ya ɗauki Vespar ba tare da wani ɗar ba, kuma ta yiwu kai ne, don haka bari in ajiye maka su gefe da gefe ka duba da kanka.

Kowannensu da abin da aka ƙera shi dominsa. Vespa ta kamfanin Piaggio ce na Italiya, ta fito a 1946 bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya tsara ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne da bai son babur saboda dattin sarƙa da wahalar canza taya. Shi ya sa ya rufe injin, ya cire sarƙa gaba ɗaya, ya sa garkuwa a gaban ƙafa, ya yi tayar da za ka kwance kamar ta mota. Don mai tsaftar tufa a cikin gari aka yi ta. CG kuwa ya fito a 1975, bayan Honda ta tura mutanenta ƙasashen Asiya sun ga yadda talaka yake hawan babur: ba a canza baƙin mai sai ya zama kwalta, ba a zuwa wurin bakanike sai inji ya tsaya cak, ga lodin mutum uku da kaya. Sai suka ƙera inji mai jure wulaƙanci. Maimakon sarƙar da ke juya bawul a saman inji, suka sa sanduna biyu masu turawa daga ƙasa, ta yadda ko mai ya yi datti saman injin ba zai ci kansa da wuri ba. Har gobe ana ƙera CG125 sabo a Pakistan.

Abin da ya raba gardamar a wurina shi ne kayan gyara, kuma a nan zan ɗan daɗe. Babur ɗin hawa kullum ba ranar da ka fito da shi daga wurin mai fenti ake auna shi ba, ranar da ya mutu maka a Bakin Ruwa da ƙarfe bakwai da rabi na safe ake aunawa. Injin CG yana cikin injinan da kamfanonin Sin suka fi kwaikwaya a duniya. Da yawa daga cikin mashinan Sin masu lamba 125 da 150 da suka cika ƙasar nan, tsarinsa ne a cikinsu. Saboda haka fiston, ringi, bawul, faranten kuloci, kafireto, kwayil, duk za ka samu a shagon kayan mashin na unguwa, kuma yaron bakaniken da ya shekara biyu a gareji ya san cikinsa. Abin da babu a shago, ka leƙa Panteka, kasuwar tsofaffin kayan gyara, da wuya ka dawo hannu rabbana. Sai dai ba kowane kayan Sin ne ke zama daidai ba. Alal misali a masu lamba 125 faɗin fiston ɗaya ne, milimita 56.5, amma fil ɗin da ke riƙe shi akwai mai milimita 15 akwai mai 13, ya danganta da zamanin injin. Kada ka aiki yaro da suna kawai, ka ba shi tsohon ya tafi da shi a gwada. Kuma kayan suna hawa-hawa: wanda mai shago ya fara miƙo maka galibi shi ne mai araha, sai ka ce a ɗauko mai kyau.

Vespa ba haka take ba. Masu gyaranta a Kaduna suna nan, amma ƙidayayyu ne, mafi yawansu sun manyanta, kuma yaran yanzu ba sa zama su koya. Wanda ya iya ta ya iya ta ƙwarai, da kunne kawai zai gaya maka ciwonta. Matsalar ita ce ba a kowace kwana yake ba. In wayar giya ta tsinke maka a Kakuri, bakaniken Bajaj na bakin titi zai tsaya yana kallonta ne, ko kuma, wanda ya fi muni, ya sa hannu. Kayanta ba su ɓace ba, domin Indiya ta daɗe tana ƙera irinta, Bajaj Chetak da LML duk daga lasisin Piaggio suka samo asali, kuma kayan LML da yawa suna shiga Vespa PX. Amma samunsu sai da cigiya, wani lokaci sai an aika Kano, wani lokaci sai an jira. Mai zuwa aiki kullum ba ya da kwanakin jira.

A cikin inji kuwa Vespa ta fi sauƙi a takarda. Ba ta da bawul irin na CG da za a riƙa saitawa, ba sarƙar da za a ja ko a shafa wa mai, ga fanka da ke hura wa inji iska ko kana tsaye a cunkoson Kasuwar Gumi. Amma injinta irin wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur ne. In ba irin PX mai tankin mai daban ba ce, duk lokacin da ka sha mai sai ka auna ka zuba, mililita 20 a kowace lita. Ka manta sau ɗaya, fiston ya kama. Ka cika da yawa, fulogi ya riƙa yin baƙi. Kuma man da aka yi don irin wannan inji ake so, ba ragowar baƙin man mota ba, duk da na san haka wasu iyayenmu suka yi ta yi. CG bai san wannan ba. Baƙin mai kusan lita ɗaya yake ɗauka, ka canza shi a kan kari, ka wanke 'yar ragar da ke tace shi, shi ke nan.

Fetur ma CG ya fi tattali, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramar magana ba ce. Irin injin Vespa wani ɓangare na man yana ficewa ta salansa bai ƙone ba, ga kuɗin man haɗi a kai. A tafiyar Kawo zuwa Kakuri da dawowa kwana biyar ko shida a mako, aljihunka zai gane bambancin kafin wata ya ƙare.

Sai hanya. Tayar Vespa inci 10 ce, tsofaffin irin Super ma inci 8, ta gaban CG inci 18. In ta Ali Akilu da Ahmadu Bello Way za ka bi ka haye gada, Vespa ba ta da laifi, daɗi ma gare ta. In ta baifas ɗin Nnamdi Azikiwe ne, tsakanin tireloli da tankoki, ko kuma layin gidanku bai da kwalta, ƙaramar taya tana faɗawa ramin da babba za ta haye, ga yashi yana ɗibarta. Injinta kuma a gefen dama yake, sai hannu ya saba da nauyin. A watan Agusta, lokacin da ruwa ke rufe ramuka, na fi son ganinka a kan CG. Birki dai kada ka yabi ko ɗaya: duka biyun tsohon yayi ne, sai ka riƙa ba da tazara.

To ina Vespa ta yi wa CG fintinkau? Wurare uku, kuma ba na wasa ba ne. Na farko sutura. Ka sa farar shadda ko babbar riga ka hau ka sauka ba ɗigon mai, ba taɓon da ya fallatso, ba fargabar sarƙa ta cafke bakin riga. Ba banza ba malamanmu da tsofaffin ma'aikata suka riƙe ta. Na biyu, tana ɗauke da safayar taya a jikinta. Ƙusa ta huda ka, ka kwance ka ɗaura ka wuce, shi kuwa mai CG sai turi zuwa wurin mai faci. Na uku shi ne wanda mutanen wani gari ba za su gane ba sai mu. A 2014 an hana acaɓa a cikin garin Kaduna, a watan Satumban 2021 ma an taɓa dakatar da hawan babur baki ɗaya, har na masu zaman kansu, saboda tsaro. Duk ranar da aka tsananta kame, mai CG da goyo a baya sai ya yi bayanin cewa shi ba ɗan acaɓa ba ne. Mai Vespa ba wanda zai tambaye shi. Ɓarawo ma bai cika sha'awarta ba, don ba ya da inda zai kai ta a ɓoye, alhali CG cikin dare ɗaya za a yi gunduwa-gunduwa da shi a sayar.

Yanzu ga waɗannan biyun da aka yi maka tayi. Hayaƙin CG kada ya tsorata ka. In shuɗi ne, yawanci ringi ne ko robobin bawul, aikin yini guda. Abin tsoro shi ne ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji. Ka je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka taɓa injin ka ji da sanyi, sannan a tayar a gabanka, domin dillali yakan ɗumama inji kafin mai saye ya iso. Ka duba lambar inji: na asali na farkon nan tana farawa da CG125E. Da yawa sunan Japan ne kawai ya rage a tanki, injin an daɗe da musanya shi. Ba laifi ba ne a hau irinsa, laifin a karɓi kuɗin na Japan a kansa. Ka tsaya ta baya ka ga ko tayoyin biyu suna kan layi ɗaya, ka leƙa wuyan firam ko akwai tabon walda.

Ita kuwa Vespar zaure, zaman da ta yi shi ne ciwonta. Masu sayarwa kan ce "ai ajiye ta kawai aka yi, lafiyarta ƙalau", kuma da gaskiyarsu suke faɗa, amma robobin da ke toshe iska a cikin injinta bushewa suke yi in an daɗe ba a tayar ba. Za ta iya tashi ta yi maka daɗi, bayan mako biyu ta fara jan iska ta yi zafi ta kama. Ka ɗauka cewa sai an raba injin biyu, kuma in an buɗe a canza har da ɗan ƙarfen nan mai siffar gicciye da ke zaɓar giya, shi ne in ya cinye giya take fita da kanta. Abin da ya fi injin muhimmanci shi ne jikinta. Vespa ba ta da firam daban, kwanon jikin shi ne ƙashinta. Ka ɗaga robar da ke ƙarƙashin ƙafa, ka kwantar da ita ka duba cikinta da tocila. In tsatsa ta ci tsakiyar nan, ka yi wa dattijo godiya ka yi sallama, ko nawa ya rage maka.

Kowanne ka ɗauka, takardu kafin kuɗi. Rasit na asali, lambar inji da ta jiki su yi daidai da abin da ke rubuce, a yi takardar ciniki da shaidu, in da hali a gaban mai unguwa. In kayan gado ne, kamar yadda tsofaffin Vespa da yawa suke, ka tabbata duk magada sun yarda, kada wani ya dawo daga tafiya ya ce ba da saninsa ba. Sannan ka yi lamba ka nemi hular kwano, ka huta da 'yan KASTLEA masu kula da dokar hanya a jihar nan da na kiyaye haɗura.

Wajen gyara, kada ka kashe duk kuɗinka a saye, ka bar kaso mai kauri a hannu. Kuma ka bi abin a jere: taya da birki da wayoyi tukuna, ko da zanen tayar bai cinye ba, in ta tsufa ta tsattsage a jefar. Sai tanki da kafireto a wanke tsatsa. Sai inji. Sai wuta: tsofaffin duka biyun da yawa masu bolt 6 ne, fitilarsu kamar aci-balbal, ka sa a mayar maka bolt 12 da CDI, wato akwatin da ke ba fulogi wuta, in kana dawowa bayan magariba. Fenti da siti su ne na ƙarshe. Mafi yawan mutane daga fenti suke farawa, sai kuɗi su ƙare babur yana walƙiya a tsakar gida ba ya motsi.

Wani a wannan dandalin ya ba ka shawarar Honda Roadmaster. Babur ne na alfarma, mai silinda biyu, zama a kansa sai wanda ya hau. Amma wahalar kayansa ta fi ta Vespa, ban sa shi cikin lissafin mai zuwa aiki ba.

Da a ce cikin gari kake aiki, tafiyarka gajera a kan kwalta, ka san bakaniken Vespa da za ka iya tura ta zuwa wurinsa, kuma ranar da ta ƙi tashi kana da wata hanyar fita, da na ce ka ɗauke ta. Kawo zuwa Kakuri kullum, da shi kaɗai ka dogara, CG ne. Ranar da za ka je dubawa ka tafi da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, ka biya shi kuɗin yininsa ko an yi ciniki ko ba a yi ba. In ka ɗauko hoton lambar injin da na ƙarƙashin Vespar ka turo nan mu gani kafin ka ba da ko sisi.