Pale ale ta Ingila da ta Amurka: ba a auna su da mudu ɗaya

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na sami natsuwa. Ka ce ka sayo kwalba biyu a wata ƙaramar masana'antar giya da ke garin da kake karatu, ɗaya an rubuta mata pale ale irin ta Ingila, ɗayar kuma irin ta Amurka. Ta Amurka kana buɗewa ƙamshi ya buge ka, ta Ingila kuwa ka ji ta lami, ba kumfar kirki, kamar an surka ta da ruwa. Kana son sanin ko lalacewa ta yi, kuma wacce ta fi a cikinsu. 'Yan'uwa Musulmi da ke tare da mu, na san wannan ba abin shanku ba ne, ku yi mini uzuri. Yaron nan kimiyyar abinci yake karantawa, ya kamata a ba shi amsa yadda za ta amfane shi.

Ni ma ga tawa tambayar: daga ina ka ɗauko kwalbar kafin ka buɗe? In daga can ƙuryar firiji ne, tana raɓa, to rabin amsarka ke nan. Mu nan da laga muka saba, irin su Star da aka fara yi a Legas a 1949, wadda in ba ta yi sanyi ƙarara ba ba a kallonta. Giyar Ingila ba haka aka gina ta ba. A mashayarsu ganga tana zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sanyinsa tsakanin digiri 11 zuwa 13, kamar ruwan randa da asubar hunturu. Sanyin firiji yana rufe mata baki. Ta Amurka ƙamshinta yana da ƙarfin da zai keto sanyin ya iso hancinka, ta Ingila ba ta da wannan muryar. Ka haɗa su tsere ne bayan ka ɗaure wa ɗaya ƙafa.

Abin da ido ke gani ba zan daɗe a kansa ba. Kalmar pale tana nufin abu mai haske, amma kada ka jira launin laga. An sa mata sunan ne a zamanin da yawancin giyar Landan take da duhu, don haka duk abin da haske ke ratsawa sai aka ce mai haske ne. Ta Ingila daga launin zuma take zuwa na tagulla, ta Amurka yawanci ta ɗan fi ta haske. Ƙarancin kumfar da ya dame ka ba aibi ba ne, da gangan ake rage mata iska don kada ta cika ciki, kada kuma ta yi ta tsikarin harshe ta hana ka jin ɗanɗano. Masu alƙalancin giya na tsarin BJCP, da aka kafa a Amurka a 1985, maki 50 suke rabawa, kuma kamanni 3 kacal yake samu. Ƙamshi 12, ɗanɗano 20, yadda take zama a baki 5, sauran 10 na hukuncin gaba ɗaya ne.

Inda zancen yake shi ne tsiro. Ka san shi ai. Ina yaro gwaggona tana dafa burukutu, nakan ga ta jiƙa dawa, ta baza ta a inuwa ta rufe da ganye tana yayyafa ruwa, har kowace ƙwaya ta fito da ɗan farin wutsiya. Sai ta kwashe ta shanya a kan fa. In ka ɗauki ƙwaya ɗaya bayan ta bushe ka tauna, za ka ji zaƙin da babu shi a ɗanyar dawa, don tsirowar ta ta da sinadaran da ke mayar da sitaci sukari. Abin da Bature ke yi da sha'ir ke nan, sai dai shi ba rana ke busar masa ba, wuta ce, kuma zafin wutar ke yanke launi da ɗanɗano. Da itace suke yi da farko, tsiron ya fito da duhu da ƙauri. Da suka koma amfani da gawayin kwal marar hayaƙi sai tsiro ya riƙa fitowa da haske, daga nan aka sami wannan giya. Masana'antun Nijeriya ma sun san darajar dawa: da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, gare ta suka koma.

To a ta Ingila tsiro ne mai gida. Da yawa cikin ƙananan masu dafawa suna neman wani irin sha'ir da ake kira Maris Otter, wanda aka fitar a Ingila a shekarun 1960. Bai kai sababbin iri yabanya ba, ya fi su tsada, amma ba su rabu da shi ba saboda abu ɗaya da Hausa ke da kalmarsa daidai: garɗi. Garɗin gyaɗar da aka soya da yashi, garɗin ɓawon burodin da ya gasu sosai. Sukan ƙara ɗan wani tsiro da aka gasa da danshinsa har sukarin cikinsa ya daskare, shi ke kawo jan launin nan da ɗan zaƙi irin na alewar madara da ta fara kamu. A ta Amurka kuwa tsiro ɗan rakiya ne. Ana zaɓen marar hayaniya, a ce masa ya koma gefe ya ba baƙo wuri.

Baƙon shi ne hof, furen wata shuka mai yaɗo da ake jefawa a tukunya lokacin tafasa. Burukutu ba ta da shi, shi ya sa take da tsami ba ɗaci ba, kuma ba ta kwana da yawa. Hof ɗin da aka zuba tun farkon tafasa ɗaci yake bayarwa, ƙamshinsa ya bi tururi. Wanda aka zuba a ƙarshe, ko bayan an sauke, shi ke barin ƙamshi. Ingilishi suna da nasu iri biyu da suka shahara, Goldings na gabashin Kent da Fuggle. Ƙamshinsu a kwance yake: busasshiyar ciyawa, ganyen shayi, ƙasar da aka yi wa yayyafin farko, wani lokaci ɗan ɓawon lemo da aka dafa da sukari. Sai ka sa hanci cikin kofi ka nema. Amurkawa kuma a 1972 suka fitar da nasu iri mai suna Cascade daga wani shirin bincike a jihar Oregon, kuma abin sha'awa, Fuggle na cikin iyayensa. Ɗan ya tashi da halin da uwar ba ta da shi, ƙamshin lemon taba da ƙaron itacen fayin. A 1980 Ken Grossman ya fara dafa Sierra Nevada Pale Ale da shi a garin Chico na Kalifoniya, mai ƙarfin barasa kashi 5.6 cikin ɗari, kuma kusan duk wata pale ale ta Amurka da za ka gani yau sawunta take bi. Ƙamshin da ya buge ka jiya daga wannan gidan ya fito.

Ga abin da zai ba ka mamaki. In aka auna ɗaci da ma'aunin da masana'antu ke amfani da shi, mai ƙarfi a cikin na Ingila da ta Amurka duk tsakanin 30 zuwa 50 suke faɗawa. Wato ba lallai ta Amurka ta fi ɗaci ba, hancinka ne ya riga harshenka yanke hukunci. Su Ingilishi da kansu, in daga ganga aka zubo ta, bita suke ce mata, ma'ana mai ɗaci. Pale ale kuwa an fi kiran ta kwalba da shi.

Yis ma, wato abin da ke mayar da sukari barasa, ya raba su. Dukansu yis ɗin da ke aiki da ɗumi ne, wajen digiri 18 zuwa 22, ba irin na laga mai son sanyi ba. Na Ingila yana barin sawunsa, ɗan ƙamshin 'ya'yan itace kamar tuffa ko busasshen inabi, kuma ba ya cinye sukarin tas, shi ya sa giyar take da ɗan jiki ko da ƙarfinta bai wuce kashi 4 ba. Na Amurka yana gama aikinsa ya share wuri ya fita.

Sai ruwa, wanda mutane ke mantawa da shi alhali shi ne kusan duk abin da ke cikin kofin. Garin Burton da ke bakin kogin Trent shi ne cibiyar wannan giya, kuma rijiyoyinsa ne suka ba shi. Ruwan yana ratsa duwatsu masu sinadarin jifsam, ya fito da nauyi, kuma wannan gishirin yana sa ɗaci ya fito a tsaye, ya bushe da wuri, giyar ta yi garau. A nan William Bass ya kafa masana'antarsa a 1777, kuma jan tambarinsa mai kusurwa uku shi ne tambarin kasuwanci na farko da aka yi wa rajista a Birtaniya, a 1876. Da masu dafawa na wasu garuruwa suka gano sirrin, sai suka riƙa zuba jifsam a nasu ruwan, har yau kuma ana yi. Saboda haka in ka shinshina ta Ingila ka ji ɗan warin ashana da aka ƙyasta, wanda ke gushewa bayan minti ɗaya ko biyu, kada ka zubar. A giyar Burton an san shi, har nemansa ake yi.

Na taɓa zama a wata tsohuwar mashaya a yankin Burton ɗin, da yamma ana yayyafi. Matar da ke sayarwa ta kama hannun famfon, dogo kamar taɓarya ƙarama, ta ja shi a hankali sau huɗu ko biyar, don babu iskar gas da ke turo giyar, ƙarfin hannunta ne ke jawo ta daga ƙasa. Ta ajiye kofin ta ce in dakata. Na ga abin ya yi gauraye kamar ruwan kogi da damina, sannan ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama, har na hango yatsuna ta cikinsa. Kurɓar farko ban ji wani abin a zo a gani ba, kamar yadda kai ma ka ji. A ta uku ne garɗin ya zauna, ɗacin ya biyo baya ya share shi, bakina ya bushe yana neman wata. Ranar na gane abin da ake nufi da ita. An yi ta ne don ma'aikacin da ya tashi aiki ya zauna da kofi mai cin mililita 568 ya yi hira ta awa guda ba tare da harshensa ya gaji ko kansa ya juya ba. Irin wannan giyar gangar ce manyan kamfanoni suka so kashewa, har aka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare ta.

Yanzu batun lalacewa, don mai yiwuwa ne kuma taka ta lalace ɗin. Ka shinshina. In ka ji warin jiƙaƙƙen kwali, iska ta shige ta ko ta tsufa, kuma wannan ne ya fi kama da lamin da ka faɗa. In ka ji warin bodari, haske ya taɓa ta, abin da ke faruwa da kwalba fara ko koriya da aka bari a rana. Tsami irin na ruwan tsami ba shi da wuri a nan ko kaɗan, ƙwayoyin cuta ne suka shiga. Ƙamshin man shanu kuwa sai an yi hankali: ɗan kaɗan ana yafe wa ta Ingila, amma in ya kai ka ji santsi a harshe, an yi gaggawar raba ta da yis. A ta Amurka ba a yafe shi. Ka kuma bambance ɗaci da bauri. Ɗaci mai kyau yana zuwa ya wuce. Bauri irin na ɗanyen goro, mai kama harshe ya tattare shi, kuskuren dafawa ne a kowace cikinsu. Kuma ka haɗiye, kada ka tofar kamar masu ɗanɗana ruwan inabi, don sai bayan haɗiya ɗacin ke nuna halinsa. Shi ya sa ake zuba kaɗan, ana kurɓar ruwa a tsakani.

Wacce ta fi? Ni ta Ingila nake girmamawa, kuma ba zan ɓoye ba. Dalilina na aiki ne. Mai dafa ta Amurka in ya ɗan kuskure, yana da tulin hof da zai lulluɓe kuskuren. Mai dafa ta Ingila ba shi da mayafi. Giya ce mai ƙarfin kashi 4 ko 4.5, ba ƙamshi mai ƙarfi, ba sanyi, ba iska, komai a fili. In ƙaramar masana'anta ta iya fitar da ita tsaf, to ta iya aikinta. Ta Amurka kuma ina ba ta haƙƙinta: tana da daɗin shinshinawa, tana farkar da baki, sai dai ƙamshin nan nata shi ke fara gudu, bayan 'yan watanni a kwalba sai ka tarar saura ɗaci kawai. In da abinci mai yaji ne, irin tsire, ta Ingila nake ɗauka, don ɗan zaƙin tsironta yana kwantar da barkono, hof mai yawa kuwa ƙara masa wuta yake yi.

Ka koma wurin masu ita ka sayo sababbi biyu, ka duba ranar da aka ɗura su. Ka fitar da ta Ingila daga firiji minti ashirin kafin ka buɗe, ka zuba a kofin gilashi mai tsabta wanda ba sauran sabulu a jikinsa, ka kuma fara da ita, don in ta Amurka ta riga shiga bakinka ba za ka ƙara jin komai ba. In za ka iya samun London Pride mai tambarin Fuller's ko Landlord ta Timothy Taylor, ka ajiye ɗaya a gefe ta zame maka ma'auni. Ka rubuta abin da hancinka ya ji kafin ka kurɓa, da abin da ya rage a bakinka bayan ka ƙirga goma, ka turo mini mu duba tare.