Wata huɗu tare da mai horon da ya karɓi Duna

Masu horar da karnuka biyu ne suka ƙi karɓar karena Duna da suka ji cewa jinin kyarkeci gare shi. Na ukun, wanda nake rubutu a kansa yau, tambaya ɗaya ya yi mini a waya: "Yana da mako nawa lokacin da ya zo hannunka?" Na ce tara. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce zai zo ya gan shi, amma kada in sa rai da yawa.

Duna ruwa biyu ne. Uwarsa karyar Jamus ce, irin da ake kira shefad, ubansa kuma yana da jinin kyarkeci sosai. Gwajin ƙwayar halitta da na yi masa ya nuna kusan kashi 35 cikin 100. A gida ba shi da matsala da ni ko matata ko yaranmu biyu. Amma da ya ji sallamar baƙo sai ya shige ƙarƙashin tebur yana karkarwa, har fitsari yakan saki. Ba ya haushi. Ɓuya kawai yake yi.

Ranar farko Malam, wato mai horon, bai taɓa shi ba, bai ma dube shi ba. Ya zauna a ƙasa can gefen tsakar gida, ya ba shi baya, muna ta hira kusan awa ɗaya, lokaci-lokaci yana jefa ɗan gutsuren nama ta bayan kafaɗarsa. Raina ya ɗan ɓaci, don gani nake zama kawai ya zo yi. Sai a zuwa na huɗu Duna ya fito da kansa ya shinshina takalminsa. Na tsaya a ƙofar ɗaki ko numfashin kirki ban iya yi ba.

Abin da ya fi sa na yarda da mutumin nan shi ne bayaninsa. Ya gaya mini binciken Kathryn Lord na shekarar 2013: ɗan kyarkeci yakan fara yawon sanin duniya tun yana mako 2, ido da kunne ba su gama buɗewa ba, da hanci kaɗai yake lalube, shi kuwa kwikwiyon kare sai ya kai mako 4. Ƙofar sabo da mutane kusan mako huɗu take yi a buɗe, sai ta fara rufewa. Ke nan Duna ya iso gidana a makare. Malam ya ce, "Ba taurin kai ke damunsa ba, tsoro ne. Wanda ya ce ka kayar da shi ƙasa ka danne don ya san kai ne babba, zai jawo maka cizo." Ya ƙara da cewa David Mech, masanin da ya yaɗa maganar shugaban garke, shi da kansa ya gyara ta a 1999, bayan ya ga garken kyarkeci a daji iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu.

Aikin nasa a hankali yake tafiya. Mako biyu muka ɗauka kafin Duna ya yarda da takunkumi, har ya riƙa cusa bakinsa ciki da kansa. Ya sa na daina ɗaura igiya a wuya, na koma ɗamarar ƙirji mai maɗauri uku, saboda dabbar da ta firgita da baya take ja ta zare kanta. Ya zagaya shingena ya ce bai yi ba: a ɗaga shi zuwa ƙafa 8, samansa ya karkato ciki, a shimfiɗa waya a gindinsa saboda tono. Na yi ta jan ƙafa a kan wannan har sai da na tarar da rami mai zurfin gwiwa wata safiya.

A kan yara kuwa ba ya sassauci ko kaɗan. Ya zaunar da su ya ce musu, "'Ya'yana, ban da gudu a gabansa, ban da ihu." Mu kuma ya ce kada a bar su da shi ba babba a wurin, ko na minti ɗaya, domin abu ƙarami mai gudu yana tayar masa da halin farauta.

Inda ya yi kuskure shi ne mako na shida, da ya ce in kawo Duna ajin haɗaka da wasu karnuka biyar. Ya yi wuri. Duna ya maƙale a jikin mota, ya dawo gida ya yi kwana biyu bai ci abinci ba, sai da muka koma baya kusan mako uku. Malam ya amsa laifinsa ba tare da kwana-kwana ba, ya rama mana darussan, amma har yanzu abin yana yi mini ciwo. Kuma ba ya rubuta komai, sai dai ka riƙe takarda da biro kana bin sa.

Bai taɓa ɓoye mini abin da ke gaba ba. Ya ce tsakanin shekara 2 zuwa 3, lokacin da irinsu ke balaga, hali na iya canzawa, kuma a nan ne masu su da yawa ke kasawa. Ya sa na binciki doka, don a Ingila riƙe zuriya ta farko da ta biyu daga kyarkeci sai da lasisi, a Amurka kuma ba a amince a hukumance da allurar rigakafin haukan kare ga ruwa biyu ba. Da wani ya tambaye shi a gabana ko ya kamata mutum ya sayi irin Duna, cewa ya yi a'a.

Wanda ya riga ya ɗauko irin wannan dabba, ya nemi mai horo mai haƙurin Malam tun kwikwiyon yana ƙarami. Jiya ƙanwata ta zo, ta zauna ta ba shi baya kamar yadda aka koya mana. Bayan minti ashirin Duna ya fito daga ƙarƙashin tebur, ya kwanta taku uku daga ƙafarta, ya yi barci.