Na gwada bidiyon karnuka na YouTube

Wallahi da ƙanena ya ce akwai bidiyon da ake yi wa karnuka na zaci zolaya ce. Karen gadinmu a Hotoro in mun fita wuni yake haushi har maƙwabta sun fara ƙorafi, sai na jingina tsohuwar waya a bakin kejinsa na kunna masa na tsuntsaye. Ya miƙe kunne, ya shinshina sikirin, ko minti biyar bai yi ba ya kwanta abinsa, to ai kare da hanci yake aiki, waya kuwa ba wari. Shuɗi da rawaya ma ya fi gani. Bai cutu ba gaskiya, datata ce dai ta tafi. Yanzu yaro ke zagayawa da shi bayan la'asar, haushin ya ragu.