Kaskon gashi mai layi-layi: ya cancanci saye don sanwic ɗin kaza?

Kaskon da ake magana a kai shi ne na baƙin ƙarfe, mai kusurwa huɗu, faɗinsa santimita 26 zuwa 28, cikinsa da layuka masu tudu kamar kunyoyin gona. Nauyinsa kan kai kilo 3. Ana tallata shi da cewa zai ba da ɗanɗanon gashin gawayi a kan murhun gas, wanda kuwa cika baki ne, domin ƙamshin nan daga maiƙon da ke ɗiga kan garwashi yake fitowa. Amma ga mai haɗa sanwic ɗin gasasshiyar kaza a gida, kaskon yana da ranarsa.

Babban amfaninsa shi ne tudun layukan na ɗaga naman sama da ruwan da yake fitarwa. A kasko mai shafaffen ciki, idan wuta ta yi ƙasa ko aka cika nama, kazar takan zauna cikin ruwanta ta dahu fari fat maimakon ta gasu. Saboda haka wajen saye a duba tsayin tudun da kyau, a sa yatsa a ji. Wanda bai kai milimita 4 ba, ruwa da maiƙo za su cike kwarin nan da nan, amfanin ya tafi. Na alminiyam mara nauyi kuma yakan huce da zarar nama mai sanyi ya hau shi.

Yawancin ƙorafin da ake yi a kan wannan kasko, laifin shirin naman ne. Ƙirjin kaza gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya siriri, kafin tsakiya ta nuna bakin ya bushe ƙamas. A tsaga shi biyu a kwance, a rufe da leda, a bubbuga da gindin ƙaramar tukunya har kaurinsa ya daidaita a wajen santimita 1.5. Ga nama giram 500, gishiri giram 5 ya isa, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. A barbaɗa, a sa a firji minti 45. Masoro da garin tafarnuwa suna tafiya tare da shi. Idan za a jiƙa da lemon tsami, kada ya wuce awa 2, domin tsamin yakan sa saman naman ya yi laɓo-laɓo. Zuma ko sukari kuwa a bari sai minti na ƙarshe, in ba haka ba za su ƙone a kan tudun su yi ɗaci tun cikin bai nuna ba.

A tsane naman da tishun kicin har ya daina sheƙi, sannan a shafa masa mai babban cokali ɗaya. A jikin naman ake shafawa. Man da aka zuba a kasko kwari yake gangarawa ya yi ta hayaƙi a banza. Kaskon na buƙatar minti 8 zuwa 10 a matsakaiciyar wuta kafin ya yi zafi ko'ina. Idan aka ɗora kazar a ji ƙarar cuwww, sai a ƙyale ta minti 3 zuwa 4 ba taɓawa. Da farko takan manne, amma idan saman ya gasu da kanta take saki. Mai gaggawar juyawa shi ke barin rabin naman a jikin ƙarfe. Ɗaya gefen minti 3 ya isa. Tabbacin nuna shi ne ma'aunin zafi da ake sokawa cikin nama ya nuna digiri 74 na Celsius a wurin da ya fi kauri, kuma wannan ɗan ma'aunin ya fi kaskon kansa ceton nama daga bushewa. A sauke, a bar shi minti 5 kafin yanka. Cinyar da aka zare ƙashi tana son minti 5 zuwa 6 kowane gefe, ta kuma fi ƙirji jure wuta.

Inda kaskon ya fi burgewa shi ne burodi. A shafa bota a cikin da aka yanka, a kifa minti ɗaya, sai ya fito da layuka ruwan ƙasa, saman ya yi ƙus-ƙus, cikin da laushinsa. Mayonis a fara shafawa, latas a kai, sannan kaza, don romon kada ya jiƙa burodin da ke ƙasa. Tumatir a yanka shi sirara a tsane ruwansa. Cuku a ɗora shi kan naman a minti na ƙarshe a kifa murfin tukunya, tun da irin wannan kasko yawanci ba ya zuwa da murfi.

Aibunsa ba ɓoyayyu ba ne. Iya inda nama ya taɓa tudu ke yin ja, don haka shafaffen kaskon baƙin ƙarfe mai zafi sosai ya fi shi ba da ɓawon gashi mai ɗanɗano. Kusurwoyinsa ba sa kai zafin tsakiya a kan murhu mai zagayayyar wuta, yanka biyu zuwa uku kawai yake ɗauka da kyau. Yana hayaƙi, sai an buɗe taga. Mariƙinsa na ƙona hannu. Wanki kuma aiki ne: tun yana da ɗumi a zuba ruwan zafi, a bi kwarin ɗaya bayan ɗaya da buroshi mai tauri, a busar a kan wuta, a shafa mai kaɗan. Idan ya kwana da laima, tsatsa za ta fito.

Wanda ke da shafaffen kasko mai nauyi kuma sanwic ɗin sai jefi-jefi yake yi, ya sayi ma'aunin zafi ya bar wannan. Mai gasa kaza, albasa da burodi kowane mako, wanda ba shi da wurin hura gawayi, zai more shi, muddin ya zaɓi mai tudu sosai.